Awon Wutar Tsohuwar Mota

Duk wanda ya san Gwagwalada ya san ba ta rasa mota. Babbar hanyar da ta taso daga Lakwaja ta nufi Abuja da Kaduna ta bi ta cikinta, dare da rana kuwa motoci ba su yankewa. Amma in mutum ya tsaya ya lura, da ƙyar zai ga guda wadda ta girmi ɗaliban kwalejin nan. Sai fa ranar kasuwa, sa'ad da tsofaffin akori-kura su kan ɓullo daga wajen Dobi da Paiko da Ibwa, an labta masu doya har bayansu ya durƙusa, suna tafe suna nishi kamar jakin da ya sha kaya. Galibinsu Fijo ne, 404 ko 504. Jefi-jefi kuma a kan ga Boswaja mai doron kunkuru a gindin mangwaro a bayan wani gida, kaji sun mai da ita akurki.

Waɗannan motoci ba baƙi ba ne a ƙasar nan. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri, cikin Kaduna, a shekarar nan kuma aka fara na Boswaja a Ojo, wajen Ikko. Ita 504 a 1968 ta fito a Faransa, amma Kaduna ba ta sake ta ba sai 2006, bayan masu ita sun daɗe da barin ƙera ta. Sa'ad da Janar Murtala ya yi shelar za a gina sabon babban birni a yankin nan, cikin Fabrairu 1976, su ne motocin gwamnati da na ma'aikata, har aka tare a Abuja ran 12 ga Disamba 1991 su ne dai. Ni ma ina da guda, 504 wadda mahaifina ya bari, ba kuwa don ado na ke riƙe da ita ba, ita ke kai ni aiki ta komo da ni.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, bana wani bawan Allah ya ba Sashenmu na Sana'a injin tsohuwar Boswaja kyauta don koyarwa, Shugaban Sashe kuma ya ware 'yan kuɗi, ya ce in sayo kayan awon wutar mota. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, in kuwa an kashe su babu wanda ya san ranar da za a sake ganin waɗansu. Da na nemi shawara sai baki ya rabu. Wani abokin aikina ya ce a sayi kwamfutar nan da a ke duba motocin zamani da ita. Wani tsohon bakanike da ke gyara mani mota ya ce kada a sayi kome, ido da kunne sun isa. Da na komo daga kasuwar kayan mota ta Zuba da 'yar leda guda a hannu, na ga waɗansu ɗalibai suna kallon juna, watau, "Wannan ke nan duka?" To, ga dalilina, kowa ya duba ya gani.

Kafin a yi maganar ma'auni sai a san abin da za a auna. Batir na mota bolt 12 gare shi, na tsofaffin Boswaja ma 6 ne kurum. Fetur ɗin da ke cikin silinda kuwa ba ya kamawa sai tartsatsi ya tsallake bakin fulogi, tsallaken nan kuma ya kan ci bolt 10,000 har zuwa 20,000 ko fiye. Kwayil shi ne mai aikin mai da kaɗan ya zama mai yawa. In ka fasa shi za ka tarad da sandan ƙarfe a tsakiya, an naɗa masa wayar jan ƙarfe iri biyu, mai kauri naɗi wajen 200 ko 300, da siririya kamar gashi naɗi wajen 20,000, yawanci duka suna jiƙe cikin mai. Sa'ad da kwantak ya rufe, wuta ta kan bi mai kaurin, sandan ya zama maganaɗisu. Da ya buɗe sai maganaɗisun ya rushe, rushewar nan ita ke haifar da wuta mai tsanani cikin siririyar, ta bi ta distiributa, watau mai rabon wuta, ta isa fulogin da yayinsa ya zo.

Na kan kwatanta wa ɗalibai da maharbi. Rufewar kwantak ita ce jan baka, buɗewarsa ita ce sakin kibiya. In ba a ba maharbi lokacin da zai ja baka ya cika ba, kibiya ba ta nisa. In kuwa ya ja sosai amma ya saki a hankali, nan ma a gabansa za ta faɗi. Kwandansa, ɗan gwangwanin nan da ke maƙale a jikin distiributa, shi ke sa sakin ya zama farat ɗaya, don ya kan shanye wutar da ta so ta tsallake bakin kwantak. Michael Faraday ya gano asalin wannan ilmi a Ingila a 1831. Wanda ya fara naɗa kwayil irin wannan, a 1836, malamin kwaleji ne kamarmu, Nicholas Callan na Maynooth a ƙasar Ailan. Sa'an nan Charles Kettering na Amurka ya haɗa batir da kwayil da kwantak da kwandansa yadda mu ke ganinsu cikin Fijo, aka fara sa su a motar Cadillac a 1910.

Wani abu da ba kowa ya lura da shi ba, kwayil na Fijo ko na Boswaja a rufe ya ke ruf, babu sukurun da za ka murɗa a jikinsa. In ka ji an ce an saita kwayil, to, barorinsa aka saita: tazarar kwantak, da tsawon zamansa a rufe, da lokacin buɗewarsa. Shi kansa sai dai a gwada shi, a ce yana da rai ko ya mutu. Amma akwai motar da a ke saita kwayil ɗinta da hannu, labarinta kuwa shi ya fi kome taimakona cikin wannan zaɓe.

Motar ita ce Ford Model T, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, fiye da miliyan 15. Irinta ta shigo Afirka ta Yamma tun zamanin Turawa, don rashin nauyinta ya dace da hanyoyin ƙasa na wancan lokaci. Ba ta da distiributa irin namu. Kwayil huɗu gare ta, ko wace silinda da nata, ko wane cikin ɗan akwatin katako da aka cika da kwalta, a bisansa kuma akwai wani ɗan harshen ƙarfe mai karkarwa wanda ke yanke wuta da kansa, yana ƙugi kamar zanzaro. Wutar kuwa daga jikin injin ta ke fitowa, don an jera maganaɗisu 16 a kan filawil, watau babban faifan ƙarfen nan na bayan inji, suna wucewa ta gaban naɗin waya 16. To, ka ga maharba huɗu ke nan, ba guda ba. In harshen wannan ya fi na wancan tauri, wannan zai makara wajen saki, wancan ya riga shi, sai injin ya riƙa ɗingishi alhali kuwa ko wane kwayil yana ba da wuta.

Garejojin Ford na da wani abin gwaji na musamman sabo da wannan. Maganaɗisun mota suka ɗora bisa teburi, suka sa masa hannu a riƙa juyawa, da allura mai nuna yawan wutar da kwayil ke sha, da wani zoben ƙarfe inda tartsatsi ke fita. Ƙa'ida ita ce allura ta tsaya a amfiya 1.3, ko wane juyi guda kuma a ga tartsatsi 16 a jere, ɗai-ɗai. In an ga sun fito tagwaye, watau harshen ya yi saurin saki, ƙarfin da ya kamata ya fita gaba ɗaya ya rabu biyu. Akwai kuma wani mai araha, batir ne kurum da allura: ka sa kwayil ya yi ta ƙugi, ka lanƙwasa harshe har allura ta nuna 1.3, shi ke nan. Masu riƙon irin waɗannan motoci a Amurka sun daɗe suna gardama a kan wanda ya fi. Mai arahan nan ba ya nuna tagwayen tartsatsi, sabo da haka kwayil ya kan ci jarrabawa a bisa teburi ya faɗi a bisa hanya. Daga baya waɗansu suka ƙera na lantarki, wanda ke auna lokacin da kwayil ke ɗauka tun daga shigar wuta har fitar tartsatsin farko, kashi kaɗan cikin 1,000 na sakan. Hujjarsu ita ce, abin da injin ya damu da shi lokaci ne, mutanen da kuwa sun auna amfiya ne don ita allurarsu ta iya gani, lokacin nan ya fi ƙarfin idonta.

Ban taɓa ganin Model T a Gwagwalada ba, ban kuma sa rai ba. Amma na ɗauki abu guda daga gardamarsu: ko wane ma'auni yana da abin da ya ke gani da abin da ya makance a kai, mai saye kuwa ya kamata ya tambayi makantar kafin ya tambayi kuɗin.

Da wannan na fara auna shawarar abokin aikina. Kwamfutar da ya ke so abu ne mai kyau, ba na kushe ta. Amma ita ba ta auna kome da kanta, tambaya ta ke yi. A kan cusa ta cikin wata kafa a ƙarƙashin sitiyari, ta tambayi ƙwaƙwalwar motar abin da ke damunta, ita kuwa ta ba ta amsa. A Amurka tun 1996 aka wajabta wa sababbin motoci wannan kafa. Fijona ba ta da kafar, ba ta da ƙwaƙwalwar, balle injin Boswajan da ke ɗaure bisa katako a ɗakin sana'a. Kai ta gare su daidai ya ke da kai wa kurma wayar tarho. Da ya ga haka sai ya koma kan osiloskop, watau akwatin nan mai gilashi da ke zana hawa da saukar wuta. Nan fa ya kama ni, don gaskiya babu abin da ya kai shi: yana nuna rufewar kwantak, da buɗewarsa, da tsayin tartsatsi, da lafiyar kwandansa, duka cikin zane guda. Sai dai shi kaɗai zai lashe kuɗin nan har a ci bashi, ga shi ba ya son ƙura, ga shi mutum ba ya karanta zanensa sai ya riga ya san abin da ya ke nema. Ɗalibin da bai taɓa ganin kwantak yana buɗewa da idonsa ba, zanen zai zame masa rubutun Sinawa.

Shawarar tsohon bakaniken nan ta fi wuyar turewa, don shi da aiki ya ke magana. A garejin Fijo ya yi yaranta, yau furfura ta rufe shi. Na ce masa, "Baba, da me ku ke gane kwayil ya mutu?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, zo ka gani." Ya zare babbar waya daga tsakiyar distiributa, ya riƙe ta da tsumma kusa da jikin inji, ya sa yaronsa ya murɗa makulli. Tartsatsi ya yi ta fita, ƙyas, ƙyas. Ya ce, "In shuɗi ne mai ƙara, lafiya. In ja ne mai sanyin jiki, ya tafi." Tazarar kwantak kuwa da ido ya ke sa ta. Lokacin buɗewa kuma da takardar taba: ya sa ta tsakanin bakin kwantak, ya riƙa juya distiributa a hankali yana ɗan jan ta, inda ta suɓuce nan ne wurin. Na bi bayansa da ma'auni na auna tazarar da ya sa da ido, wallahi kuskurenta bai kai kaurin gashi biyu ba. Da tsohuwar zuma a ke magani, ba ƙarya.

Amma fa idon Baba ba ya shiga leda in kawo wa ɗalibai. Shekara da shekaru ya yi yana wasa shi, mu kuwa shekara 3 mu ke da ita da ko wane ɗalibi, sa'an nan a tura shi makarantar ƙauye inda babu wanda zai tambaya. Ban da haka, gwajin nan nasa yana da tasa makantar. Tartsatsi a sarari daban, tartsatsi cikin silinda daban. Sa'ad da fistan ya hau, ya kan matse iska har ta koma wajen kashi 1 cikin 8 na girmanta, iskar da aka matse kuwa ta fi wuyar tsallakewa nesa ba kusa ba. Kwayil da ya tsallake milimita 2 a sarari yana iya gazawa a bakin fulogi mai milimita 0.6 kurum. Don haka gwaji na gaskiya sai an buɗe masa tazara mai faɗi, wajen milimita 8 zuwa 10, kuma a san ta, ba hannu yana rawa ba. In kuwa aka janye wayar da nisa har tartsatsi ya rasa wurin sauka, sai ya nemi hanya ta cikin kwayil ɗin kansa ya huda rufin siririyar waya, watau wajen gwaji an kashe mai lafiya. Launi ma ba abin dogara ba ne da tsakar ranar Gwagwalada, inda hasken rana ke cinye shuɗi da ja baki ɗaya.

Sabo da haka abin farko da na zaɓa ba a kasuwa na same shi ba. Katako ne busasshe da ƙusoshi biyu masu tsini suna fuskantar juna, guda a kafe, guda mai zare wanda a ke matso da shi, da ɗan guntun rula a manne, da kwali a kife don inuwa. Ɗalibai biyu suka yi shi da yamma guda. Aikin hannun Baba ya ke yi, sai dai shi ba ya rawa, ba kuma ya jin zafin wuta.

Mafi yawan kuɗin a kan mita suka tafi, a kanta kuma na fi daɗewa ina jinjinawa. Akwai wani direba maƙwabcina mai akori-kura 404, doya ya ke ɗaukowa daga wajen Dobi, da ita ya ke ci da iyali. Motarsa ta kama wata ɗabi'a: da safe ta tashi lafiya lau, in ta yi tafiya ta ɗau zafi sai ta fara shaƙewa, ta mutu, ba ta sake tashi sai ta huce. Sau biyu tana kashe masa kasuwa a wajen mahaɗar Giri da kaya a baya. Aka ce kwayil ne, ya saya. Bayan mako biyu ta koma, aka ce jabu aka ba shi, ya sake saya, ya ƙara da kwantak, don ya tarar na da ya ƙone ya yi baƙi. Har ya koyi ɗaura wa kwayil jiƙaƙƙen tsumma kamar mai ciwon kai. Ran da na kawo mita gida ya ce mani, "Malam, in abin naka na aiki ne, ga mara lafiya." Muka cire wayoyin, na ɗora ta a kan ƙananan ƙusoshin kwayil guda biyu, ta nuna om 1.5.

Duk wanda ya zauna ajin kimiyya zai iya ƙarasa labarin da kansa. Kwayil na bolt 12 iri biyu ne, a ido kuwa kamar tagwaye su ke. Akwai mai turjiya wajen om 3, wanda a ke haɗawa kai tsaye. Akwai mai om 1.5, wanda aka yi don ya yi aiki tare da balas, watau wani ɗan farin dutse mai waya a ciki da ke rage masa wuta, sai lokacin tayar da inji kaɗai a ke kewaye balas ɗin don sitata ta janye ƙarfin batir. Raba 12 da 3 ka sami amfiya 4. Raba 12 da 1.5 ka sami 8. Motar maƙwabcina ba ta da balas, sabo da haka ninki biyu na abincinsa kwayil ke sha, ya yi zafi har ba ya taɓuwa, bakin kwantak kuma ya ƙone. Ba jabu ba ne, ba nata ba ne kurum. Mai sayarwa bai sani ba, mai ɗaurawa bai sani ba, don kwalin bai faɗa ba. Aka samo mai om 3, da sabon kwantak da kwandansa, yau wata na huɗu ke nan ba ta kwana a hanya ba. Kuɗin kwayil biyun da ya zubar sun fi kuɗin mitar.

Amma kada ɗalibi ya ɗauka ko wace mita ce za ta yi wannan. Bambancin om 1.5 da om 3 ƙanƙane ne ƙwarai, wayoyin mitar kansu kuwa suna da tasu turjiyar, a masu araha har ta kan kai rabin om. Kafin ka auna sai ka haɗa bakin wayoyin biyu ka ga abin da ta nuna, ka debe shi daga lissafi. Na gwada huɗu a shago kafin in ɗauki guda, mai shagon har ya fara tsaki. Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Wata kuma, daga cikin masu nuna lambobi, da aka tayar da inji kusa da ita sai lambobinta suka haukace suna tsalle, don hayaniyar wutar fulogi ta shige ta. Mai allura ba ta da wannan ciwo, ko da ya ke ita ba ta son faɗuwa. Mita kuma tana da makantarta: tana gaya maka waya ta tsinke ko ba ta tsinke ba, siririyar ta nuna om dubbai kamar yadda ya kamata, amma ba ta ganin rufin da ya tsage wanda ba ya yoyo sai wuta ta kai bolt dubbai. Nan katakon nan mai ƙusoshi ya ke karɓar aiki. Kuma a garin da zafi ke kusantar digiri 40 a Maris da Afrilu, gwajin safe rabin gwaji ne. Jan ƙarfe ya kan ƙara turjiya wajen kashi 4 cikin 100 a ko wane digiri 10, watau kwayil mai om 3 da sanyin safiya zai kai 3.7 in ya ƙaru da digiri 60. Mai lafiya ya jure, mai rauni ya faɗi. A gwada shi da sanyi, a sake gwada shi bayan inji ya yi rabin sa'a yana aiki.

Dalilin da ya sa na ƙara kuɗi na ɗauki wadda na ɗauka shi ne tana auna zaman kwantak, watau digiri nawa distiributa ke juyawa kwantak yana rufe, maharbi yana jan baka. A inji mai silinda 4 ko wace silinda tana da rabon digiri 90. Fijo 504 tana son wajen 57 daga ciki a rufe, Boswaja wajen 47. Ku yi lissafi ku ga ƙanƙantar abin: inji mai juyi 3,000 a minti yana bukatar tartsatsi 6,000, watau 100 a ko wane sakan, cikin ɗan rabon nan kuma kashi 6 cikin 10 kaɗai ne na jan baka. Na sayi fila ma, 'yan ɓallayen ƙarfen nan masu kauri daban-daban, don da ita a ke sa tazarar sabon kwantak, milimita 0.4 ga Fijo da Boswaja duka. Amma in kwantak ya tsufa, bakinsa guda ya kan yi ƙurji, ɗayan ya yi rami, sai fila ta hau kan ƙurjin ta ba ka labarin ƙarya. Mita ba ruwanta da ƙurji, tana auna shi ne yana cikin aiki. In allurar tana lilo sa'ad da aka taka totur, to, sandan distiributa ya ci, ba laifin kwayil ba ne ko kaɗan. A tuna kuma, zaman kwantak a ke fara saitawa kafin taimin, don in ka taɓa tazara ka taɓa lokacin buɗewa.

Fitilar taimin, mai walƙiyar nan da a ke haska alamar fule da ita, na bar ta sai wani jiƙon. Masu ƙera Fijo sun rage mana wahala: akwai wata 'yar kafa a jikin gidan kuloci inda a ke zura sandan ƙarfe mai kaurin milimita 8, a juya inji a hankali har ya faɗa cikin tsagar da ke jikin filawil. Nan ne wurin wuta. Sai a haɗa ƙwan fitila na bolt 12 tsakanin wayar kwantak da jikin mota, a juya distiributa har ƙwan ya kama, a ɗaure. Ƙwan da waya biyu ba su kai kuɗin kwanon abinci ba, suna kuwa yin abin da takardar tabar Baba ke yi, har ɗalibin da ya zo jiya ya iya. A tuna a zare sandan kafin a murɗa makulli! Abin da ƙwan ba ya gani shi ne ko 'yan ƙarafan da ke cikin distiributa suna gaggauta wuta in inji ya yi gudu. Wannan sai mai walƙiya, shi ya sa ta ke kan gaba cikin abin da za a saya in Allah ya hore. Kafin nan Baba ya ce akwai wani mai wayarin a layinsu da zai ara mana tasa, in dai ɗalibi zai kai masa ita kafin la'asar.

Wani ɗalibi ya tambaye ni, mene ne amfanin koyon motar da ta ƙare? Na ce masa ya leƙa cikin janareto na gidansu, ko babur ɗin da ya hau ya zo, zai tarad da kwayil a zaune, waya mai kauri da siririya, sai dai an maye gurbin kwantak da wani ɗan baƙin akwati wanda ba a ganin cikinsa. Mitar nan da katakon nan su za su gwada su. A tsohuwar mota kaɗai yaro zai ga abin yana buɗewa yana rufewa, ya sa fila ya canja shi, ya ji muryar inji ta sake. Malamin da zai koyar da maganaɗisu da lantarki a ƙaramar sakandare, in ya sami tsohon kwayil da kwantak da batir ɗin babur, ya sami ɗakin gwaji wanda zai shiga jakarsa.

Kayan suna cikin kabad na biyu a ɗakin sana'a, makullin yana wurin mai kula da ɗakin, wanda ya ɗauka ya sa hannu a littafi. Abokin aikina bai haƙura da osiloskop ba tukuna. Ya gano akwai wani tsoho a ɗakin kimiyya wanda ƙura ta rufe, yana ta zarya wurin shugabansu, in an ba shi kuwa za mu naɗa 'yar waya a jikin babbar wayar fulogi mu ga ko zai zana mana wani abu. Injin Boswajan har yanzu bai tashi ba. Mita ta ce kwayil ɗinsa na bolt 6 ne, batir ɗin da mu ke da shi kuwa na 12, sabo da haka kada wani mai karambani ya haɗa su. Ran Asabar mai zuwa da ƙarfe 8 na safe za mu buɗe distiributansa, Baba ya yi alkawarin zuwa. Mai son gani ya zo da littafin rubutu da tsohuwar riga.